Talotalo a Bayan Katanga: Ra'ayi Kan Koya wa Ƙananan Yara Siffofin Tsuntsaye a Yankin Funtuwa da Malumfashi

A ƙarshen daminar bara, aikin tattara bayanai ya kai ni wata makarantar firamare a wani ƙauye da ke tsakanin Funtuwa da Bakori. Malamin da na je gani bai iso da wuri ba, sai aka ba ni benci a bayan aji ɗaya na zauna jira. Malamar ajin ta zana tsuntsu a allo, irin zanen nan da ba a iya cewa kurciya ce ko kanari, ta ja kibiyoyi huɗu, ta rubuta kalmomin Ingilishi huɗu a bakin kowace kibiya. Tana faɗa, yara suna amsawa baki ɗaya da iyakar ƙarfinsu. To, a gidan da ke jingine da katangar makarantar akwai talotalo. Duk sa'ad da yaran suka ɗaga murya, sai shi ma ya amsa da kukan nan nasa mai kama da ana tuttular da ruwa daga gora. Yara su tuntsire da dariya, malama ta buga sanda a tebur, a sake daga farko. Haka aka yi ta yi har lokacin darasin ya ƙare.

Da aka fita hutun cin abinci, na tambayi wani yaro ko talotalo tsuntsu ne. Ya ce a'a, ai ba ya tashi. Na ce kaza fa? Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce, "Malam, kaza ai kaza ce." Na ce jemage fa? Ya ce wannan kam tsuntsu ne. Wata yarinya da ke gefe, wadda ba za ta wuce shekara bakwai ba, ta tsoma baki ba tare da an tambaye ta ba. Ta ce namijin ne kaɗai ke wancan kukan, macen ba ta yi. Ta ce kansa yakan yi jawur in ya fusata, ya koɗe in ya huce. Ta ce ƙwan talotalo yana da ɗige-ɗige, kuma ya fi na kaza girma. Duk abin da ta faɗa daidai ne. Babu ko ɗaya daga ciki da aka nemi ji daga bakinta a cikin aji.

Ba ina ɗora wa malamar laifi ba ne, domin abin da aka koya mata, kuma aka ce ta koyar, shi ta koyar. Abin da nake son jawo hankalin manazarta Hausa a kai shi ne wannan: darasin siffofin tsuntsaye ga yaro ɗan shekara biyar zuwa takwas ya kamata ya fara daga tsuntsu mai rai da yaron zai kalla da idonsa, a kuma tattauna shi da harshen da yaron yake tunani da shi. A yankin Funtuwa da Malumfashi kuwa, a ganina, babu tsuntsun da ya fi talotalo dacewa da wannan aiki. Kuma in har ba a yin haka, wani kaso na alhakin yana wuyanmu mu masu nazarin harshe.

Yankin da ake magana a kansa rumbu ne na Jihar Katsina. Daga Dandume zuwa Sabuwa, daga Danja zuwa Ƙafur, masara da dawa da waken suya da auduga su ne rayuwar jama'a. Ba banza ba Funtuwa ta kasance cikin wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe, da aka kafa shirin bunƙasa aikin gona da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970. Inda hatsi ya wadata, dusa da tsaki sukan wadata, kiwon kaji da zabi da agwagi da tantabaru kuma ya zama abin kowane gida. Galibi kiwon nan na mata ne, shi ne asusunsu na ko-ta-kwana, yara kuma su ne 'yan aikensu: su ke buɗe akurki da safe, su watsa tsaki, su zuba ruwa a kasko, su kori shirwa, su nemo inda zabuwa ta ɓoye ƙwai a cikin ciyawa. Talotalo bai kai kaza da zabo yawa ba, amma ba baƙon ido ba ne. Kasuwarsa takan buɗe a ƙarshen shekarar Miladiyya, lokacin da dillalai ke saye suna kai wa birane da kudancin ƙasa, ga kuma Hausawa Kiristoci na yankin Malumfashi da Ƙafur da su ma suke da nasu buki a lokacin. Ke nan yaron wannan yanki yana shiga aji ɗaya da ilimin tsuntsaye na shekara uku ko huɗu a kansa. Makaranta ce ke sa shi ya ajiye wannan ilimi a bakin ƙofa tare da takalmansa.

Mai karatu zai iya cewa, in dai tsuntsun gida ake so, me ya hana a ɗauki kaza, wadda ko'ina akwai ta? Amsar tana cikin maganar yaron nan da ya ce kaza kaza ce. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Yaro ya daina kallon kaza tun kafin ya iya magana sosai. Ganinta kawai yake yi. Talotalo kuwa ya tsaya a tsaka-tsaki. An saba da shi gwargwadon da ba za a rasa shi a unguwa ba, amma ba a saba da shi har a daina mamakinsa ba. Yara suna tsoronsa, suna tsokanarsa, suna yi masa fito don ya amsa. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban yara sittin ya san cewa samun hankalinsu shi ne rabin aiki, talotalo kuwa ya riga ya samu tun kafin malam ya buɗe baki.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Abin da ake son yaro ya gane a darasin nan shi ne me ya sa ake kiran wata halitta tsuntsu. A tunanin yaro, har ma da manya da yawa, tsuntsu shi ne abin da ke tashi sama. Da wannan ma'auni ne aka fitar da kaza da jimina, aka shigar da jemage. Zanen da ke allo ba zai taɓa girgiza wannan ma'auni ba, domin kullum ɗan ƙaramin tsuntsu ake zanawa a kan reshe, mai shirin tashi. Talotalo shi ne zai girgiza shi. Ga shi ƙato, yana tafiya a ƙasa, kansa ba gashi kamar na ungulu, iyakar tashinsa ya haye katanga ko reshen ƙasa-ƙasa don kwana. In aka tambayi yara, "Wannan tsuntsu ne?" aji zai rabu biyu, gardama ta kaure. A cikin wannan gardama ne malami zai ja su a hankali: yana da fukafukai? Yana da haƙori? Haihuwa yake yi ko ƙwai? Me ya rufe jikinsa? Sai a zo kan jemage, a ga yana da haƙora, yana haihuwa, yana shayarwa, kuma gashin jikinsa irin na ɓera ne. A ƙarshe yara da kansu za su iso ga abin da masana ilimin halittu suka tsaya a kai, wato gashin tsuntsu shi ne alamar da duk tsuntsaye suka yi tarayya a cikinta, kuma babu wata halitta mai rai a yau da take da shi in ba tsuntsu ba. Yaron da ya gano haka da gardamarsa ba zai manta ba. Wanda aka sa ya rera kalmomi huɗu kuwa, kafin ya kai gida biyu sun zube.

Yana da kyau a ɗan dakata a kan abin da za a iya gani a jikin talotalo, domin a nan ne ya yi wa sauran tsuntsayen gida zarra. Komai nasa babba ne, a fili yake, ba sai an kama shi ba. Da yake kansa da wuyansa tsirara suke, ana iya nuna wa yaro ramin kunnen tsuntsu a bayan ido, abin da gashi ya ɓoye a jikin kurciya. Yara da yawa suna zaton tsuntsu ba shi da kunne, tunda ba su ga fatar kunne irin ta akuya ba. Idanunsa a gefe da gefe suke, shi ya sa yake karkata kai in zai duba abu da kyau, saɓanin mujiya da nata suke fuskantar gaba. Ba shi da zanko irin na zakara. Maimakon haka yana da wata tsoka a saman baki wadda takan tsuke ta zama 'yar guntuwa in yana kiwo, ta miƙe ta zubo har ta wuce bakin in yana taƙama. Fatar kan nan tana sauya launi tsakanin ja da shuɗi-shuɗi da fari gwargwadon yadda jini ke kwarara cikinta, kamar dai yadda yarinyar nan ta lura. A ƙirjin namiji akwai wani tuntu na gashi mai kauri kamar na wutsiyar doki, wanda ba ya zuba a lokacin da sauran gashin jiki ke zuba. Idan ya baza bindi ya saukar da fukafukai suna jan ƙasa, yaro zai iya ƙirga gashin bindin ɗaya bayan ɗaya. A ƙafarsa akwai yatsu uku a gaba, ɗaya a baya, da ɓawo-ɓawo kamar na ƙadangare, da ƙaimi a bayan ƙaurin namiji.

Gashin da ya zuba a tsakar gida kaɗai ya isa darasin mako guda, kuma ba ya cin ko kwabo. A sa yara su tsinto, a baje a kan tabarma, su rarrabe: dogo mai ƙarfi na fiffike, mai faɗin kai na bindi, da lallausa na ciki mai riƙe ɗumi. A ba su su tsaga gefen gashin da yatsa su sake shafa shi ya haɗe, su yanke gindinsa su ga rami ne a ciki. A ɗiga masa ruwa su ga yadda yake gangarewa. Daga nan tambayar da ta fi kowace daɗi za ta taso da kanta: in ba shi da haƙori, da me yake tauna masara? Babu yaron ƙauyen da bai taɓa tsugunawa ana gyaran kaza ba, ya ga an tsaga ƙundu an zubar da tsakuwa da yashi. Abin da ya rage kawai a haɗa masa biyun, a ce wannan tsakuwar ita ce dutsen niƙan tsuntsu. Haka kuma a sa su lura da shan ruwa. Kaza da talotalo sukan cika baki su ɗaga kai sama ruwan ya gangara, har iyaye kan ce wa yara godiya suke yi wa Allah. Tantabara kuwa takan tsoma baki ta zuƙa ba tare da ta ɗaga kai ba. Wannan shi ne kimiyya a matakin yaro: kallo, kwatantawa, da tambaya.

Yanzu sai batun harshe, wanda shi ne ya fi shafar masu karanta wannan mujalla. Akan ji wasu malamai suna cewa Hausa ba ta da kalmomin da za a koyar da wannan darasi, hujjarsu ita ce kalma ɗaya, gashi, ita ce ta mutum ita ce ta tsuntsu, haka ma baki. Wannan hujja ba ta da ƙarfi. Hausa tana rarrabewa ta hanyar nasaba, ta ce gashin tsuntsu, bakin tsuntsu, kuma babu Bahaushen da ya taɓa ruɗewa. Hasali ma tarayyar kalmar wata dama ce, domin tana buɗe tambayar da ta dace: me ya haɗa gashin kanka da na talotalo har aka ba su suna ɗaya, me kuma ya raba su? Ban da haka, rumbun kalmomin Hausa a wannan fage cike yake. Akwai fiffike, bindi, zanko, tukku, ƙaimi, ƙundu, ƙumba. Akwai sheƙa, akurki, kwanci, ƙyanƙyasa, cara, kyarkyara, birgima, figa. Akwai ɗan tsako, sagara, ɗan shila, fingi. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934, ko na Abraham na 1949, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, zai ga cewa talaucin ba a harshen yake ba. Abin da ke faruwa shi ne kalmomin suna ficewa daga bakin yara, musamman na cikin gari, saboda babu inda ake neman su da su.

Ɗauki kalmar ƙaimi. Kullum a rediyo ana cewa gwamnati ta ƙara ƙaimi, jami'an tsaro su ƙara ƙaimi. Yara nawa ne a cikin garin Funtuwa a yau suka san cewa ƙaimi abu ne da ake iya taɓawa, ƙarfen da mahayi ke zungurar doki da shi, kuma sunan tsinin da ke ƙafar zakara? Yaron da aka nuna wa ƙaimi a ƙafar talotalo ya sami kimiyya, ya kuma sami mabuɗin wani salon magana da zai yi ta ji har tsufansa. Haka zanko, wanda sunan tsokar kan zakara ne kuma sunan wani askin yara na da. Haka birgimar hankaka: wanda bai taɓa tsayawa ya kalli tsuntsu yana wanka da ƙura ba, karin maganar a wurinsa sauti ne kawai. Muna koyar da karin magana a darasin Hausa, muna koyar da tsuntsu a darasin kimiyya da Ingilishi, mun raba abin da a rayuwar yaro a haɗe yake.

A nan ne nake ganin ya kamata mu dubi kanmu. Sassan Hausa na jami'o'inmu sun samar da kundaye masu yawa a kan dabbobi da tsuntsaye a karin magana, a tatsuniya, a waƙar baka, a camfi. Aiki ne mai amfani, ni ma a cikinsa na taso. Amma a yawancin irin waɗannan ayyuka tsuntsu alama ce kawai: ungulu ƙazanta, mujiya baƙin jini, zakara sa'a. Ba mu cika sauka daga kan alamar mu dubi halittar ba, balle mu rubuta wa malamar aji ɗaya shafi biyu da za ta riƙe a hannu. Magabatanmu ba su yi wannan rabe-raben ba. Abubakar Imam, wanda ya sa aku ya zama mai ba da labari a Magana Jari Ce, shi ne kuma ya haɗa hannu da Rupert East suka rubuta Ikon Allah, littafin da ya bayyana halittu da al'amuran kimiyya da Hausa tsantsa tun kafin a sami 'yancin kai. In an iya a wancan zamani, da ƙarancin ma'aikata da kayan ɗab'i, mene ne uzurinmu? Ga aiki nan a fili wanda ɗalibin digiri na farko zai iya yi a hutu guda: ya zaga gidajen masu kiwo a Malumfashi da Ƙafur da Bakori da Danja, ya tambayi mata sunan da suke kiran tsokar saman bakin talotalo, da jan naman wuyansa, da tuntun ƙirjinsa, da jakar da hatsi ke taruwa a ƙasan wuyansa, ya rubuta yadda kowane gari ke faɗa. Wannan ya fi a zauna a ɗakin taro a ƙirƙiro kalmar da babu mai kiwon da zai gane ta.

Wani zai ce, ai talotalo ba tsuntsun Hausa ba ne, me zai sa a gina darasin Hausa a kansa? Gaskiya ne baƙo ne, shi ya sa ba safai ake jin sa a karin magana ba, alhali kaza da zabo da shirwa sun cika ta. Asalinsa nahiyar Amurka ne. Mutanen ƙasar da ake kira Meksiko a yau su ne suka mai da shi na gida, Sifaniyawa suka kai shi Turai a farkon ƙarni na 16, daga can ya bazu. Sunansa ma shaida ne a kan tafiyarsa. Yarbawa suna ce masa tolotolo, Ibo suna cewa torotoro, abin da ke nuna cewa ta kudu ya shigo mana, sunan kuma kwaikwayon kukansa ne. Sauran al'ummu kowa ya jingina shi ga wata ƙasa da ba tasa ba: Ingilishi ya ba shi sunan ƙasar Turkiyya, Turkawa da Faransawa suka danganta shi da Indiya, mutanen Fotugal suka kira shi da sunan ƙasar Peru, Larabawa suka ce zakaran Rumawa. Abin da zai fi ba Bahaushe sha'awa shi ne Turawa sun daɗe suna rikita shi da zabonmu na Afirka, wanda ya riga shi isa kasuwanninsu. Har Linnaeus, da ya zo raɗa masa sunan kimiyya a 1758, sai ya kira jinsinsa Meleagris, kalmar da a tsohon harshen Girka take nufin zabo. Shi kuwa zabo a yau Numida meleagris ake ce masa. Wato a littattafan kimiyya na duniya, talotalo da sunan zabo yake yawo.

Baƙuncin nasa bai rage masa komai ba. Masarar da ta mai da Funtuwa da Dandume abin da suke a yau daga nahiyar Amurka ta zo, haka tumatirin Danja, haka barkono da gyaɗa da rogo, haka ma agwagwar da ta fi yawa a gidajenmu, mai jan fata a fuska. Babu wanda ya ce tuwon masara ba abincin Hausa ba ne. Abin da Bahaushe ya kiwata, ya raɗa wa suna, ya sa wa farashi a kasuwa, ya shiga Hausa.

Akwai ƙalubale na gaske da ba zan yi kamar ban gan su ba. Na farko shi ne manufar gwamnati. Tun Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka tanadi cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa a shekarun farko na firamare. A Nuwamban 2022, zamanin minista Adamu Adamu, aka amince da manufar harshe da ta faɗaɗa wannan zuwa shekara shida. A Nuwamban 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke ta, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe, bisa hujjar cewa ɗalibai suna faɗuwa jarrabawa a yankunan da aka rungumi harshen uwa. Ni dai ajin da na zauna a ciki ban ga harshen uwa ya yi yawa ba. Abin da na gani shi ne Ingilishin haddar da malama da ɗalibai duka ba su sake da shi ba. Manufar da ba a taɓa ba ta littattafai da horon malamai ba, da wuya a ce an gwada ta har ta gaza. Gwajin da aka yi da gaske, wato shirin shekara shida na Ife da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 da harshen Yarbanci, ya nuna cewa yaran da aka koyar da harshensu ba su koma baya ba ko a Ingilishin kansa. Amma ko a ƙarƙashin sabuwar manufa ƙofa ba ta rufe ruf ba. Hausa tana nan a matsayin darasi, kuma babu dokar da ta hana malamin Hausa ya ɗauki talotalo ya zama jigon darasinsa na ƙarin kalmomi da bayyana siffa. Yaron da ya riga ya san ƙaimi da ƙundu da idonsa da harshensa, laƙa masa sunayensu na Ingilishi aikin minti biyar ne, domin sunan ya sami inda zai zauna.

Na biyu shi ne lafiya da tsaro. Namijin talotalo yakan kai wa yara hari, kuma tsuntsayen gida suna ɗauke da cututtuka. Ba a manta ba cewa murar tsuntsaye ta fara bayyana a Nijeriya ne a wata gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, a Fabrairun 2006, ba nisa da wannan yanki. Saboda haka kallo ake so, ba runguma ba: tsuntsu yana cikin keji ko bayan shinge, mai shi yana tsaye, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa gashi, kada a kusanci wanda ya yi laushi, a kuma dakatar da komai in ana annoba. Wannan ma darasi ne da zai bi yaro gida, inda ake asarar kaji duk hunturu. Game da tsaro kuwa, tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020 babu shugaban makarantar da zai yi gangancin kwasar yara zuwa bakin madatsar Mairuwa kallon balbela da zalɓe, kuma babu uban da zai yarda. Halin da ake ciki ya taƙaita duniyar yaro zuwa cikin gari. Tsuntsun da ke bayan katanga shi ne ya rage.

Ba a rasa inda za a nemi taimako ba. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, a kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa take; masananta za su iya tantance bayanan kimiyya. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina su ke yaye malaman da za su shiga waɗannan azuzuwa. Abin da babu shi ne wanda zai zauna tsakanin masanin kiwo da malamar aji ya mai da ilimin ɗaya zuwa harshen da ɗayar za ta yi aiki da shi, kuma wannan gurbin na manazarcin Hausa ne.

Da a ce ni aka ba ajin nan na mako biyar, da na roƙi mai gidan da ke bayan katanga ta sanar da mu ranar da tsuntsayenta suka fara kwanci. Sai mu ja layi uku a bango da alli, kullum da safe yaro ɗaya ya zo ya ƙara ɗigo. Ƙwan kaza zai ƙyanƙyashe a kwana 21, na talotalo a kwana 28, na agwagwa mai jan fuska a kwana 35: mako uku, mako huɗu, mako biyar. A cikin ajin ba za a rasa wanda zai ɗaga hannu ya ce a gidansu ƙwan zabi ake sa wa kaza ta kwanta a kai ba, kuma takan yi kusan mako guda fiye da yadda ta saba kafin su fito. Sai a ja layi na huɗu, a ba shi allin.